Ɗan Molon Nafoli da Muryar da Aka Ɗinke

Duk abin kiɗan da ake taɓa tsirkiyarsa da yatsa ko da ɗan ɓawo, ciwonsa guda ne: amo yana fita yake fara mutuwa. Mai goge yana iya jan amo ɗaya har mai sauraro ya gaji da riƙe numfashi. Mai algaita kuwa kumatunsa ne rumbunsa na iska. Amma mai molo ko mai gurmi, da ya taɓa tsirkiya shi ke nan, abin ya kuɓuce masa. In kuma tsirkiyar gajera ce aka ɗaure ta tam, mutuwar ta fi sauri. To akwai wani ɗan abin kiɗa na ƙasar Italiya, mandolin ake ce masa, tsawonsa kamar santimita 60, wanda tarihinsa na kusan shekara 300 kokawa ce da wannan gajeren numfashi. Da yawa cikinmu ba su taɓa riƙe shi ba, amma kunnenku ya san shi. In a fim aka nuna wani tsohon gari na bakin teku a Italiya, kuka ji wani ɗan kiɗa siriri yana karkarwa kamar mai jin ɗari, shi ne.

Ku yi mini haƙuri in fara da suna, karatun harshe nake, hannuna ba ya tsallake kalma. Da Italiyanci mandolino ake cewa. Wannan ino na ƙarshe ɗafin ƙanƙantarwa ne, aikinsa aikin «ɗan» namu, wato ɗan mandola. Ita mandola masana sun rabu biyu a kanta. Wasu sun ce daga mandorla ta fito, sunan ƙwallon wani ɗan itace mai siffar ɗigon hawaye, don haka cikin abin kiɗan yake. Wasu sun ce daga pandura ne, wani abin kiɗa mai tsirkiya uku na tsoffin Girkawa. Ni na fi karkata ga na biyu, saboda dangin kalmar suna nan jere: Sifaniyawa suna da bandurria, mutanen Fotugal da Burazil suna cewa bandolim. P da b da m duk a leɓe ake yin su, kuma harsuna ba sa jin nauyin musanya su. Kowa ya yi makarantar allo ya san Makka tana da wani suna mai farawa da b.

Babban gidan da mandolin ya fito kuwa gidan udu ne, wanda Larabawa suka shiga da shi Andalus da tsibirin Sisili. A shekarar 822 mawaƙin nan Ziryab, wanda ya taso daga Bagadaza, ya sauka Kurɗuba da udunsa. Turawa suka ji ana cewa al-ud, suka haɗiye al ɗin cikin kalmar: Sifaniyawa suka ce laúd, Faransawa luth, Italiyawa liuto. Abin da kakanninmu suka yi wa al-imam ke nan har ya zama liman, al-kitab ya zama littafi. Kun ga kunnen Bature da na Bahaushe wuri guda suka yi tuntuɓe.

Mandolin irin wanda duniya ta sani yau a birnin Nafoli aka haife shi, tsakiyar ƙarni na 18, a hannun masassaƙa irin su zuri'ar Vinaccia. Bayansa kamar rabin ƙwarya ne mai zurfi, amma ba fafe shi ake ba. Siraran katako ne ake lanƙwasawa da zafi a jera su gefe da gefe, wani lokaci fiye da ashirin, a manne. Fuskarsa katako ne mara nauyi, an ɗan karya shi daidai bayan jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa, don ya jure matsi. Tsirkiya takwas ce, amma bibbiyu suke tafiya, kowace biyu amo guda: sol, re, la, mi, daidai da gogen Turawa. Wannan ya sa duk mai goge a Turai yake iya ɗaukar mandolin ya kama hanya cikin ƴan kwanaki. Paganini ma, wanda ake ji da shi a goge, da mandolin ubansa ya fara koya masa kiɗa yana yaro.

Me ya sa bibbiyu? Dabara ta farko ke nan ta yaƙi da shiru. Tsirkiya biyu sun fi ɗaya ƙara, wannan kowa ya sani. Amma akwai abin da ya fi haka daɗi. Duk ƙwarewar mai ɗauri, tsirkiya biyu ba za su taɓa zama daidai wa daida ba, sai an samu bambanci kamar na gashi guda. Wannan ɗan saɓani shi ke sa amon ya riƙa kumbura yana sacewa, yana wani ƙyalli kamar ruwan tafki da hantsi. Abin da kunne ke so a mandolin, rabinsa daga wannan rashin daidaito yake fitowa.

Dabara ta biyu tana hannun makaɗi. Maimakon ya taɓa sau ɗaya ya bar amo ya mutu, sai ya riƙa kai ɓawon ƙasa da sama da sauri ƙwarai, har kunne ya kasa ƙirga bugun ya ɗauka amo guda ne dogo. Italiyawa suka ce masa tremolo, wato karkarwa. Ƴan ajinmu za su gane wannan nan take. Hausa tana da r iri biyu: ta «bara» mai yi wa sarki hidima, wadda harshe ke bugawa sau ɗaya ya wuce, da ta «bara» irin ta almajiri, wadda harshe ke iya karkaɗawa. In aka ja ta biyun, bugu ne da yawa a jere, amma ba wanda ke jin su ɗaya-ɗaya, baƙi guda muke ji. Haka mandolin ke yaudarar kunne. Da Bahaushe ne ya raɗa wa abin suna, da ninki zai yi, ya ce ba kaɗawa ake ba, kakkaɗawa ake.

Manyan mawallafan kiɗan Turai sun taɓa shi, ko da yake ba su zauna a kansa ba. Vivaldi, wanda ya yi shekaru yana koyar da ƴan mata marayu kiɗa a Benis, ya rubuta masa kiɗa. Mozart ya sa shi cikin wasan Don Giovanni da aka fara nunawa a Firag a 1787, wurin da gogan naku yake tsaye ƙarƙashin taga yana yaudarar wata ƴar aiki. Beethoven ya rubuta masa ƴan gajerun kiɗa a 1796. Sai dai ga wani abu da ya kamata ku riƙe. Vivaldi ya rasu a 1741, kuma mandolin da ya sani wani iri ne na da, ƙarami, mai tsirkiyar hanjin dabba, ɗaurinsa ma daban. Irinsa ne Stradivari ya sassaƙa, akwai guda na 1680 da ke ajiye a wani gidan tarihi a jihar Dakota ta Kudu a Amurka. Na Nafolin ma a zamanin Mozart tsirkiyarsa gauraye ce, tagulla da hanji, kuma da ƙashin gashin tsuntsu ake kaɗa shi. Sai wajen 1835 Pasquale Vinaccia ya sa masa tsirkiyar ƙarfe, ya zurfafa cikin, ya sauya turakun katako da maɗaura na ƙarfe masu haƙora. Ke nan in yau kuka ji ana kaɗa Vivaldi da tsirkiyar ƙarfe, kuna jin muryar da shi mai kiɗan bai taɓa ji ba.

Farkon ƙarni na 19 an kusa mantawa da shi a manyan zauruka, ya koma hannun masu kiɗan titi da samari masu zuwa zance. Abin da ya tashe shi abu biyu ne. Margherita, wadda ta zama sarauniyar Italiya a 1878, tana kaɗa shi, kuma abin da gimbiya ta riƙa ai ƴan matan attajirai sai sun riƙa. Na biyu talauci. Tsakanin 1880 da 1920 Italiyawa wajen miliyan huɗu suka tsallaka Amurka, akasarinsu daga kudu, kuma mandolin abu ne da ke shiga cikin akwatin ɗan ci-rani. A wannan zamani ne Raffaele Calace a Nafoli da Luigi Embergher a Roma suka sassaƙa waɗanda har yau ake rububinsu. Akwai ma wani labari mai ban dariya. A 1880 wata ƙungiyar makaɗa ƴan Sifen, sanye da kayan ɗalibai, ta ja hankalin mutanen Niyok da bandurria. Wani Ba'italiye mai suna Carlo Curti ya ga kasuwa, ya tara ƴan ƙasarsu masu mandolin, ya sa musu irin kayan, suka ari sunan. Amurkawa ba su san bambancin abin kiɗan biyu ba, sai suka faɗa son mandolin. Kafin a jima jami'o'i da ƙananan garuruwa duk sun kafa ƙungiyoyinsa.

Ni kaina ta hanyar wani tsohon na Nafoli na kamu. Wani abokina ne ya turo mini ɗan bidiyo a WhatsApp: wani mai gyara ya karɓi mandolin na wajen 1900 da aka tsinto a ɗakin shirgi, fuska ta tsage, haƙarƙarin baya sun ɓalle, ya yi ta aiki a kansa, ƙarshe ya ɗaura tsirkiya ya kaɗa. Minti biyu ne kawai kiɗan. Na maimaita shi har cajin wayata ya ƙare. Muryar ba ta da kauri, ba ta cika ɗaki, kuma akwai wata ƴar dusashewa a ƙasanta kamar ta tsohuwa mai tatsuniya wadda ta san ba sai ta ɗaga murya za a saurare ta ba. Tun daga ranar nake tambayar kaina: muryar wa nake ji? Ta masassaƙin da ya mutu tun kafin a haifi kakana, ko ta mai gyaran, ko ta shekara ɗari da katakon ya yi yana bushewa?

Gyaran irin waɗannan aiki ne na mai haƙuri. Tsoffin masassaƙa da gam na fatar dabba suke manne katako, wanda ake dafawa a shafa da zafinsa. Alherinsa shi ne in aka sa masa ɗumi da laima yana saki, sai a buɗe abin kiɗan ba tare da an fasa shi ba, a gyara, a mayar. Wanda ya zo daga baya ya zuba gam na zamani mai kamawa har abada, ya rufe ƙofa ga duk mai gyaran da zai biyo shi. Abin da ya fi kashe tsoffin na Nafoli kuwa tsirkiya ce. An yi su ne don siraran tsirkiyoyi, sai wani ya saye ya ɗaura masu kauri na zamani, wuya ya sunkuyo, fuska ta lotsa, shi ke nan. Akwai kuma abin da ba ya mayuwa: ƙawar fuskar da yawansu da ɓawon kunkurun teku aka yi ta, yanzu kuwa an hana cinikinsa a duniya, dole mai gyara ya nemi madadi. Kowane mataki sai ya yanke hukunci. In ya kankare tsohon man ƙyalli ya shafa sabo, abin zai yi kyan gani amma ya taɓa murya. In ya sauya fuskar gaba ɗaya, to kusan sabon abu ya yi da tsohon suna, tunda fuskar ce ke motsa iska.

Labarin gyara mafi shahara a Amurka ya faru, kuma sai mun ɗan koma baya kafin mu iso shi. A garin Kalamazu na jihar Mishigan akwai wani mutum, Orville Gibson, da ya ga bayan ƙwarya bai yi masa ba. Ya ce a sassaƙa fuska da baya daga katako mai kauri, a yi musu ɗan doro irin na gogen Turawa. Ya samu takardar mallakar wannan fasaha a 1898, aka kafa kamfanin Gibson a 1902. Masu tallar kamfanin suka riƙa yi wa na Nafoli ba'a, suna kiransa ƙwaron dankali saboda zanen bayansa. A 1919 wani makaɗi mai son ilimin sauti, Lloyd Loar, ya shiga kamfanin. Tsakanin 1922 da 1924 ya fitar da samfurin da ake kira F-5: ya toshe zagayayyen ramin tsakiya ya yanka biyu sirara a gefe irin na goge, ya tsawaita wuya, kuma kowane guda sai ya gwada shi ya sa hannu da kwanan wata a wata ƴar takarda a ciki. Ƴan ɗaruruwa kaɗai aka yi. Kasuwa ba ta karɓa ba, don yayin mandolin ya wuce, jaz da banjo sun cika gari. Loar ya bar kamfanin a ƙarshen 1924.

Can a jihar Kentaki kuma akwai wani yaro, Bill Monroe, haihuwar 1911, auta cikin ƴaƴa takwas. Yayyensa sun riga sun kama goge da gita, sai aka bar masa mandolin, abin da ba wanda ke so, har suka sa shi cire huɗu daga tsirkiyoyin don kada ya dame su da ƙara. Ya koyi kiɗa wurin kawunsa mai goge, da kuma wani baƙar fata mai gita, Arnold Shultz, wanda ya sa masa ɗanɗanon kiɗan bulus a hannu. A shekarun 1940 Monroe ya ga wani F-5 a tagar shagon aski a Fulorida, wanda Loar ya sa wa hannu ranar 9 ga Yuli 1923. Ya saye shi dala 150. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Da shi ya gina salon kiɗan da ake kira bulugiras, sunan da ya fito daga sunan ƙungiyarsa.

Abin da Monroe ya yi da wannan katako, Loar bai taɓa mafarkinsa ba. Loar don kiɗan zaure ya yi shi, mai natsuwa, ana zaune da takarda a gaba. Monroe kuwa sara yake, ya daki tsirkiyoyin duka ya danne su nan take, amon ya fito gajere kamar ana faskare. Wato ciwon nan da aka yi ƙarni biyu ana ɓoyewa da karkarwa, shi ya mai da shi ganga. Kuma bai lallaɓa abin ba. A farkon shekarun 1950 ya aika shi gyara kamfanin, aikin bai gamshe shi ba, ya sa wuƙa ya ƙwaƙule sunan Gibson daga kan mandolin, ya kankare man ƙyallin da aka shafa. Haka ya yi ta yawo da shi kusan shekara talatin kafin su shirya.

A Nuwamba 1985 wani ya shiga gidansa a jihar Tenesi ba ya nan, ya ɗauki sandar ƙarfe ta tonon wuta ya farfasa wannan mandolin da wani na biyu. Aka kwashe ɓaraguzan aka kai wa wani ma'aikacin Gibson, Charlie Derrington. Guntaye wajen 500 ne, wasu kamar tsinken sakace, kuma na abin kiɗa biyu a gauraye, sai da ya fara rarrabe wanne na wanne. Wata uku yana mannawa. A Fabrairun 1986 aka miƙa wa Monroe, ya kaɗa, ya ci gaba da hawa dandali da shi har kusan rasuwarsa a 1996.

To a nan tambayata ta dawo da ƙarfi. Katakon da aka sassaƙa a 1923, aka kankare a shekarun 1950, aka farfasa aka ɗinke da gam a 1986, shi ne dai ko wani ne? Masoyansa sun ce muryar ta dawo. Amma kunne ba alƙali ne mai adalci ba, mu da muke karatun sauti mun san mutum yakan ji abin da yake jiran ji. A 2010 wata mai bincike Bafaranshiya, Claudia Fritz, da abokan aikinta sun yi gwaji a Indiyanafolis: makaɗan goge 21, goge shida, uku sababbi uku tsoffin Italiya, biyu daga ciki na Stradivari. Aka rage haske, aka sa wa makaɗan tabarau mai duhu. Wanda suka fi so sabo ne, wanda suka fi ƙi na Stradivari ne. Goge aka gwada ba mandolin ba, amma duk mai son tsohon katako ya kamata wannan ya ɗan sosa masa rai. Ni ya sosa mini. Sai dai ban ga ya rage komai daga abin da na ji a bidiyon nan ba. In aka ce maka wannan muryar kakarka ce a kaset, ba za ka saurare ta yadda za ka saurari baƙuwa ba, ko da na'ura ta auna ta ce amonsu ɗaya. Sanin hannuwan da abu ya ratsa yana shiga cikin jin, kuma ban ɗauki wannan a matsayin ruɗu ba.

Mandolin dai bai tsaya Nafoli da Kentaki ba. A Burazil Jacob do Bandolim, wanda har sunansa ya koma na abin kiɗan, ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen kiɗan shoro. A kudancin Indiya U. Srinivas ya sa masa lantarki ya koya masa lanƙwasar kiɗan gargajiyarsu tun yana yaro. Japan cike take da ƙungiyoyinsa a jami'o'i. A maƙwabciyarmu Aljeriya, farkon shekarun 1930, El Anka ya sa wani masassaƙi ya yi masa babba mai dogon wuya da kaurin murya, mandol, wanda ya zama ƙashin bayan kiɗan sha'abi, kuma shi Matoub Lounès ya riƙe a zamaninsa. Kowa ya karɓa sai ya sauya masa wani abu.

Na Monroe kuwa tun 2005 yana cikin gilashi a gidan tarihin kiɗan kantiri da ke Nashbil, inda ba mai taɓa shi. Akwai wani makaɗi, Ricky Skaggs, wanda yana ɗan shekara shida Monroe ya zo wasa garinsu a Kentaki, mutane suka yi ta ihu a bar yaron nan ya kaɗa, Monroe ya ciro mandolin daga wuyansa ya rataya masa. A Oktoba 2018, ranar da aka shigar da Skaggs cikin jerin gwanayen wannan gida, ma'aikatan suka buɗe gilashin suka fito da shi suka miƙa masa. Yana da shekara 64 a lokacin. Ya kaɗa waƙa guda, aka karɓa aka mayar.